Saƙar biriyosh: Dabarar ulu da ta dace da ɗarin Taloka da ƙasar Rima

Daga ƙarshen watan Nuwamba, idan iskar hunturu ta fara kaɗowa daga hamada, mazauna garuruwan bakin Gulbin Rima na cikin waɗanda suka fi ji a jikinsu. A Taloka da ke Ƙaramar Hukumar Goronyo, da ƙauyukan Wurno da Rabah, zafin rana kan haura digiri 30, amma da asuba ma'auni kan sauko zuwa wajen digiri 15, ga iska mai ratsa riga.

A daidai wannan lokaci ne kuma aikin fadama ke kankama. Noman rani tsoho ne a wannan yanki, Dam ɗin Goronyo da aka kammala a 1984 ya ƙara masa ƙarfi. Mai ban-ruwan albasa da tafarnuwa da alkama sammako yake yi. Haka masunci, haka ɗan kabu-kabu, haka yaran da ke fita makarantar allo tun da duhu. Kowannensu na neman hular sanyi da abin rufe wuya, iyaye kuma na neman suwaita da safa saboda ƙananan yara.

Ke nan duk shekara akwai kasuwa ta kusan wata uku. Sai dai mafi yawan kuɗin da ake kashewa a cikinta dilolin gwanjo da kayan da ake shigowa da su daga China ne ke kwashewa. Matar da ke saƙa a cikin gida, abin da ya rage mata bai wuce kayan jarirai na ranar suna ba. Dalilin a fili yake. Idan hularta iri ɗaya ce da ta kasuwa, ba za ta iya karya farashi kamar mai gwanjo ba, domin shi da dila yake saye, ita kuwa da ƙulli-ƙulli take sayen ulu.

Mafita guda ita ce ta fito da abin da babu shi a kan teburin ɗan kasuwa. Daga cikin dabarun saƙa da suka yi tashe a duniya cikin shekarun nan, akwai wadda ta dace da wannan buƙata, ana kiran ta biriyosh.

Sana'ar da ke shiga cikin leda

Kafin a shiga bayanin dabarar, ya kamata a duba abin da ya sa sana'ar cikin gida ta ƙara daraja a gabashin Sakkwato. A watan Yulin 2018, 'yan bindiga sun auka wa ƙauyen Tabanni da ke Ƙaramar Hukumar Rabah, jama'a da dama suka yi gudun hijira zuwa Gandi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka kai hari kasuwar mako-mako ta Goronyo, inda gwamnatin jihar ta ce an kashe mutum 43. Tun daga waɗannan shekaru, zuwa gona mai nisa da bin hanyar kasuwa sun zama abin da iyali ke yi da fargaba.

Macen da aka raba da garinta ba ta iya ɗaukar gona ko keken ɗinki a ka. Amma tsinken saƙa biyu da ƙullin ulu suna shiga cikin leda. Ba sa buƙatar wutar lantarki ko man fetur ko shago. Duk inda ta samu wurin zama da hasken rana, aiki ya samu. Shi ya sa duk wani ilimi da zai ƙara wa wannan sana'a riba ya wuce batun ado, ya shafi tukunyar gida.

Saƙa kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno mazauninsa har ya rasu a can a 1837, an san shi da ƙarfafa wa mazauna ribaɗoɗi gwiwa su riƙi noma da sana'o'in hannu. Kaɗi da mazari aikin mata ne tun kaka da kakanni, gwado da luru kuma su ne bargunan da aka yi ɗari da su. Ɗan Rabah, Sardauna Ahmadu Bello, a zamanin gwamnatinsa ne aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957.

Saƙar ulu da tsinke ko kwarashi ita ce ta zo daga baya, ta hanyar darussan kula da gida a makarantun mata, sannan ta bazu ta cibiyoyin koya wa mata sana'a, musamman bayan shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987. Wani abin sha'awa shi ne, mafi tsufan kayan saƙar tsinke da masana suka tono a duniya daga Afirka suka fito: safunan auduga ne da aka samu a Masar, waɗanda aka saƙa tsakanin ƙarni na 11 da na 14, wasunsu fari da shuɗi, da rubutun Larabci a jiki.

Mece ce biriyosh?

Asalin kalmar sunan wani burodin Faransa ne mai laushi da kumburi. A shekarun 1840, littattafan koyar da saƙa a Ingila sun kawo yadda ake saƙa wani matashin zama mai kama da wannan burodi, sai sunan ya bi salon saƙar da ake yin sa da ita.

Wanda ya taɓa duba bakin hannun suwaita ya san saƙar nan mai layi-layi da ke miƙewa ta koma. Biriyosh 'yar uwarta ce, sai dai ta fi ta kauri da laushi nesa ba kusa ba. Layukanta sun fi tudu, kwarin da ke tsakaninsu ya fi zurfi, idan aka matsa ta a hannu sai a ji kamar soso.

Abubuwa uku ne suka sa ta dace da hunturu. Na farko, ɗumi. Ba zare ne ke ɗumama jiki ba, iskar da ke maƙale a cikin saƙa ce ke hana zafin jiki fita. Biriyosh na tara zare biyu a kowane gurbi, don haka tana riƙe iska fiye da saƙa ta yau da kullum. Na biyu, miƙewa. Hula ɗaya za ta shiga kawuna masu girma daban-daban, wadda aka yi wa yaro bana za ta iya kai shi baɗi. Na uku, ba ta da ciki da baya. Kowane gefe aka juya fuska ne. Idan da launi biyu aka yi ta, gefe guda launi ɗaya ne ke rinjaye, ɗaya gefen kuma ɗaya launin, tamkar mutum ya sayi hula biyu da kuɗin ɗaya.

Yadda ake yin ta

Da yawa daga masu saƙa a ƙasar Hausa sun fi sabawa da kwarashi. Biriyosh kuwa da tsinke biyu ake yin ta, saboda haka sai an fara daidaita kalmomi.

Kowane madaukin zare da ke zaune a kan tsinke, bari mu kira shi ido. Idan aka bi idanun da ke kan tsinken hagu har aka mayar da su na dama, an yi layi guda. Duk saƙar tsinke a kan motsi biyu ta ginu: saƙar gaba, wadda ake yi zare na bayan aiki, da saƙar baya, wadda ake yi zare na gaban aiki. Layi-layin bakin suwaita ido ɗaya gaba ne, ido ɗaya baya.

Biriyosh ta ƙara motsi na uku. Mai saƙa za ta kawo zare gaba, ta zura tsinken dama kamar za ta yi saƙar baya, sai ta ɗauke idon zuwa dama ba tare da ta saƙa shi ba, ta bar zaren ya haye kan tsinke ya kwanta a jikin idon. Yanzu idon nan yana ɗauke da wani zare a bayansa, kamar uwa da goyo. Idan aka juyo layi na gaba aka iso kansa, sai a haɗa uwa da goyo a saƙe su tare da saƙar gaba, a matsayin ido ɗaya.

Mai koyo ta ɗora idanu 20 a kan tsinke, ko wani adadi da ke rabuwa biyu daidai. A layin farko: ta goya wa ɗaya, ta saƙa ɗaya, har ƙarshe. Daga layi na biyu zuwa ƙarshen aiki, doka ɗaya ce: idon da ba shi da goyo a goya masa, idon da ke da goyo a saƙe shi tare da goyonsa. Wannan ita ce biriyosh mai launi ɗaya baki ɗayanta.

Akwai wurare huɗu da sababbin shiga suka fi tuntuɓe.

Na ɗaya, ƙirga. Bayan layin farko, wadda ta ɗora idanu 20 za ta ga zare 30 a kan tsinke, ta ɗauka ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Uwa da goyo ɗaya ake ƙirga su.

Na biyu, gajen haƙuri. Layukan farko kamar tarkace suke fitowa. Sai an yi wajen layi takwas ko goma kafin salon ya bayyana. Da yawa kan warware aikin kafin su kai nan.

Na uku, ɗaurin baki. Tunda saƙar na buɗewa sosai, idan aka matse farkonta ko ƙarshenta, sai tsakiya ta kumbura baki ya tsuke. A ɗora idanu sakwa-sakwa, a rufe su sakwa-sakwa. Tsinken aikin kuma ya ɗan fi wanda aka saba amfani da shi ga wannan ulun sirantaka, don kada saƙar ta yi rauni.

Na huɗu, gyara. Idan ido ya kuɓuce a biriyosh, yana tafiya ne da goyonsa, kuma mayar da su yana da wuya. Maganin shi ne zaren tsaro: bayan kowane layi goma, a zura wani siririn zare mai launi daban da allura ta cikin dukkan idanun da ke kan tsinke, har da goyonsu, a bar shi a nan. Idan aka yi kuskure, a warware zuwa wannan zare, a mayar da idanu kan tsinke, a ci gaba.

'Yan uwanta da matakan koyo

Biriyosh ba ita kaɗai ba ce a gidansu. Akwai wadda Turawan Ingila ke kira da sunan masunta. A ita ba a goyo. Ana zura tsinke ne a cikin idon da ke ƙarƙashin wanda ke kan tsinke, a saƙa ta nan, sai na saman ya warware ya kwanta a kansa. Abin da ke fitowa kusan ba ya bambanta da biriyosh, kuma wasu sun fi jin sauƙinta a hannu. Akwai kuma rabin biriyosh, inda ake yin dabarar a gefe ɗaya kawai. Ita ba ta kai cikakkiyar cin ulu ba, fuskokinta biyu kuma ba iri ɗaya ba ne.

Masu injin saƙa ma suna da rabonsu. Akwai saitin da ke sa allura ta riƙe zare ba tare da ta saƙa shi ba sai a zagaye na gaba, wanda shi ne goyon da aka bayyana a sama. Sai dai fitar da cikakkiyar saƙar masunta na buƙatar inji mai jeren allurai biyu. Mai jere ɗaya wani salon daban zai bayar.

Ga wadda ke son koyo, tsarin da ya fi sauƙi shi ne ta fara ƙwarewa a ido ɗaya gaba, ido ɗaya baya, har ta iya bambance su da kallo. Daga nan ta shiga biriyosh mai launi ɗaya, ta saƙa abin wuya, tunda shi miƙaƙƙe ne ba ragi ba ƙari. Sai ta koma saƙar zagaye da tsinke mai igiya a tsakiya, wadda ake yin hula da ita ba tare da ɗinki ba. A nan za ta buƙaci sauke goyo ta hanya biyu, zagaye ɗaya da saƙar gaba, na biye da saƙar baya.

Launi biyu shi ne mataki na gaba. Ana bin kowane layi sau biyu: a bi da launi na farko, a tura aikin ya koma farkon tsinke ba tare da an juya ba, a sake bi da launi na biyu. Shi ya sa tsinke mai kai ɗaya ba ya yi, sai mai igiya ko mai tsini biyu. Abin mamaki, da yawa sun fi gane saƙar a wannan mataki, domin launin goyo ya bambanta da na uwa, ido na ganin abin da hannu ke yi. Mataki na ƙarshe shi ne ragi da ƙari, waɗanda a biriyosh bibbiyu ake yin su don kada layuka su karkace. Da su ake fitar da zanen ganye da reshe da ake gani a hotuna.

Lissafi kafin sha'awa

Biriyosh na da tsada ta fuska biyu. Tana cin ulu fiye da saƙa ta yau da kullum, tana kuma cin lokaci, saboda sai an bi layi biyu kafin tsawon layi ɗaya ya fito. Wadda ta yi wa hular biriyosh kuɗin hula ta yau da kullum ta yi aikin banza, wataƙila har da asarar uwar kuɗi.

Ba sai an dogara da maganar kowa ba wajen gane bambancin. A saƙa ƙyalle biyu masu faɗi da tsawon tafin hannu, ɗaya da saƙar da aka saba, ɗaya da biriyosh, da ulu iri ɗaya. A duba agogo a kan kowanne. Sannan a warware su a gwada tsawon zaren da kowanne ya ci. Wannan gwaji na yini guda shi zai faɗa wa mai sana'a abin da za ta ɗora a kan farashi.

Lissafin zai kuma nuna mata inda riba take. Suwaitar babban mutum da biriyosh za ta lashe ulu da makonni, kuma da wuya a samu mai biya a ƙauye, ga gwanjo a gefe. Ƙananan kaya su ne abin yi: hula, abin wuya mai zagaye da ɗan kabu-kabu zai ja ya rufe hanci saboda ƙura, abin rufe kunne, da bakin hannu ko wuyan rigar da aka saƙa sauran jikinta da saƙa mai sauƙi. Launi biyu kuma na buɗe wata ƙofar, wato saƙa bisa oda: launin kayan makaranta, launin ƙungiyar ƙwallo, ko launin da uwar jariri ta zaɓa. Wannan ne mai dila ba zai iya yi ba.

Ulun da ba na tunkiya ba

Abin da ake kira ulu a kasuwanninmu, daga babbar kasuwar Sakkwato zuwa ta Achida, galibinsa ba gashin dabba ba ne. Akirilik ne, zaren roba da ake samarwa daga sinadaran man fetur. Tumakinmu na Uda da Balami da 'Yankasa masu gashi ne irin na awaki, ba sa ba da ulun saƙa.

Akirilik na da araha, yana wankuwa, asu ba ya cin sa, kuma yana karɓar biriyosh. Amma yana da haɗari guda da ya kamata kowace mai saƙa ta faɗa wa mai saye: yana kama wuta, yana narkewa ya manne a fata. A lokacin da ake kwana da kaskon gawayi a ɗaki, yara kuma na kewaye wutar kara da safe, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Abin wuya mai dogon jela da ke lilo ya fi mai zagaye haɗari a kusa da wuta, haka ma a kan babur.

Mai son tantance zare ta yanki ɗan guntu ta kusanta shi da ashana a waje. Ulun tunkiya na ƙaurin gashi, ya bar toka mai murmushewa. Akirilik na narkewa ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri. Zaren auduga kuwa, duk da daɗinsa a jiki, ba ya komawa idan ya miƙe, don haka biriyosh ɗin auduga kan saki ta yi tsawo bayan 'yan wanki.

Hular jariri ba ado ba ce kawai

Tunda kayan jarirai ne ginshiƙin wannan sana'a, akwai abin da ya kamata masu saƙa su sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri sabon haihuwa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Ƙasa da haka sanyi ya fara kama shi, ƙasa da 32 kuwa yana cikin mummunan haɗari. Jariri na saurin rasa ɗumi fiye da babba, kuma kansa, wanda yake da girma idan aka kwatanta da jikinsa, na daga cikin wuraren da ɗumin ke fita.

Shi ya sa hukumar ke ba da shawarar a tsane jariri da zarar an haife shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe masa kai, a jinkirta wanka zuwa awa 24. Ga bakwaini da wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, akwai goyon ƙirji irin na dabbar kangaru, wanda aka faro a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978. A 2022 hukumar ta ce a fara shi nan take bayan haihuwa. Hula na cikin 'yan kayan da ake sa wa jariri a wannan goyo.

Miƙewar biriyosh na da amfani a nan, domin tana zama a kai ba tare da matsewa ba. Amma a yi ta da siririn ulu mai laushi, kada a sa mata igiya ko maɓalli ko wani ado da zai iya cirewa. Kada a yi wa jariri abin wuya. Kuma ɗumi idan ya yi yawa shi ma illa ne: jaririn da ke gumi a cikin ɗaki mai ɗumi, a rage masa kaya. Hula ba ta maye gurbin jikin uwa, ba ta kuma maye gurbin zuwa asibiti idan jariri ya yi sanyi ya ƙi kama nono.

Saƙar da ba ta da suna

Babban shingen da ke tsakanin matan ƙasar Rima da irin wannan ilimi ba a hannu yake ba. Wadda ta iya kitso da saƙar faifai da tabarma, goyon zare ba zai gagare ta ba. Shingen harshe ne. Kusan duk bayanan biriyosh da ke YouTube da littattafai da harsunan Turai suke, cike da gajerun alamomi. A wajenmu kuwa koyon saƙa da kallo ne: "yi haka, sai ki yi haka." Idan mai koyarwa ta yi aure ta bar gari, ko ta yi gudun hijira, ilimin ya bi ta.

Turawa ma sun sha wannan matsala. Saƙar ta daɗe a ƙasashe irin su Holan da Jamus, amma kowa da yadda yake bayyana ta. Wata Ba'amurkiya mai suna Nancy Marchant, wadda ta koma Holan da zama, ita ce ta yi fice wajen tattara salon da tsara masa alamomi. Ta rubuta littafin Knitting Brioche, sannan Knitting Fresh Brioche a 2014. Alamominta biyu, brk da brp, masu saƙa na furta su kamar kalmomin Turanci na haushin kare da gyatsa. Abin dariya ne, amma ba a mantawa. Samun sunaye na bai-ɗaya na cikin abin da ya sa dabarar ta bazu a duniya.

Dogaro da waya kaɗai kuma yana da iyaka a wannan yanki. A watan Satumban 2021, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Ko babu wannan, kuɗin data da cajin waya ba kowace mace ke da su ba. Abin da ke cikin bidiyo yana tafiya idan sabis ya ɗauke, abin da aka haddace yana nan.

Wannan ƙasa ta san hanyar da ilimi ke bi ya isa ga mata a cikin gidajensu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864 kuma ta yi zama a Wurno, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke zuwa su ɗauki karatu cikin harshen da mata ke ji, a tsare yadda zai haddatu, su koma ƙauyuka su koyar. Darajar abin da ta koyar daban ce, amma hanyar a buɗe take ga kowane ilimi mai amfani: a sa shi cikin harshen gida, a taƙaita shi yadda baki zai riƙe, a ba wadda za ta kai wa wasu.

Dokar biriyosh ba ta fi jimla guda ba: marar goyo a goya masa, mai goyo a sauke su tare. Ana iya kiran ta saƙar goyo. Idan masu yi suka ga wani sunan ya fi zama a baki, nasu ne zai tsaya, domin su ne masu abin. Muhimmi dai a samu sunan da mace a Taloka za ta faɗa, 'yar uwarta a Gandi ko Achida ta gane ba tare da ta ga hannunta ba, har a iya aika shi ta saƙon murya ko a rubuta shi da boko ko ajami a bayan littafi.

Masu iya magana sun ce mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Wadda ta fara koyo a watan Disamba, kafin hannunta ya faɗa ɗari ya wuce. Lokacin koyo shi ne bazara da damina, sa'ar da babu mai neman hula. Ƙulli biyu na ulu masu launi daban, tsinke biyu da zaren tsaro sun isa a fara. Wadda ta yi gwajin ƙyalle biyu a watan Yuli, ta gama abin wuyanta na farko a Agusta, ta koyi saƙar zagaye a Satumba, za ta shiga Nuwamba da huluna a hannu da farashin da ta san yadda ta fitar da shi.